In sayar da lens ɗina na zamanin fim, ko in saya musu kyamarar da za ta karɓe su?

Assalamu alaikum. Ni mai hoto ne tun zamanin fim, amma na ajiye sana'ar lokacin da wuraren wankin fim suka rufe a garinmu, na koma noma da 'yar tireda. Yanzu babban yaron wajena ya gama makaranta babu aiki, kuma yana son hoto, sai muka shirya sake buɗe shagon da kyamarar dijital irin ta DSLR, wato mai madubi a ciki da ake canza wa lens, ta hannu. Kayana na da suna nan a akwati: kyamarar fim Nikon FM2 da lens uku na Nikon, 28mm f/2.8 da 50mm f/1.8 da 105mm f/2.5, sai zum na Vivitar 70-210mm wanda na ga ya yi hazo a ciki, da filas Vivitar 283. Akwai kuma kyamarar Nikkormat da lens 50mm f/1.4 da marigayi maigidana, wanda ya koya mini aikin, ya bar mini. Yaron ya dage sai mun sayar da komai mun koma Canon, wai abokansa duk ita suke riƙewa. Wani dillali kuma ya ce lens ɗin fim ba su da amfani a dijital, wai 50 ɗina zai koma 75, amma zai karɓe su duka ya rage mini wani abu a kuɗin D3200 mai 18-55mm. Rabin kuɗin da za mu kashe na adashin mai ɗakina ne, rance ta ba ni. Kwana biyu ke nan magana ba ta cika haɗa mu da yaron ba saboda wannan. Raina ba ya son rabuwa da kayan, amma ina tsoron kada son zuciyata ya sa kuɗin baiwar Allah su bi ruwa. Mene ne abin yi?

Wani mai hoto daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan maigidanka, ya sa albarka a wannan shago. Ka kwantar da hankalinka a kan zargin da kake yi wa kanka, domin abin da ranka ya ƙi rabuwa da shi kaya ne mai daraja, kuma shi ne rabin jarin da za ku fara da shi. Lens 105mm f/2.5 na Nikon yana cikin waɗanda masu hoton fuska ke nema har yau, haka ma 28mm da 50mm. Mutumin da ya ce maka ba su da amfani, kuma a zama guda ya ce zai karɓe su duka, ya san inda zai kai su. Ba laifi ya yi ba, ciniki yake yi, sai dai ba a wurinsa za ka nemi fatawa ba. Shawarata a dunƙule ita ce ka bar lens ɗin da ke hannunka su zaɓa maka bodin kyamara, wato jikinta ban da lens, sannan ka sayi lens ɗaya tak wanda zai cike gurbin da suka bari.

Nikon ta fito da bakin ɗaura lens ɗinta mai suna F a 1959, kuma duk DSLR ɗinta a kansa suke. Shi ya sa lens ɗinka za su hau. Amma hawa daban, aiki daban. A 1977 kamfanin ya kawo tsarin da ake kira AI, inda zoben ƙofar haske yake da wani tudu a bayansa da ke tura ɗan harshe a jikin kyamara, ta haka take sanin ko kana f/4 ko f/8. FM2 ba ta karɓar lens ɗin da suka riga wannan tsari, saboda haka ukun da ka yi aiki da su a kanta AI ne. In kana son ka tabbatar, ka duba zoben: za ka ga layin lambobi na biyu, ƙanana, a ƙasan manyan, kuma 'yan kunnuwan ƙarfen nan biyu da ke sama suna da huji. Lens ɗin maigidanka kuwa, in kunnuwansa ba huji kuma bayan zobensa sumul yake, tsohon tsari ne. Kada ka kuskura ka tursasa shi a kan kyamarar da ke da wannan harshe, zai lanƙwasa shi ko ya karya. Ka bar shi a kan Nikkormat ɗinsa. Ba shi cikin cinikin, kuma ba ka bukatarsa tunda kana da wani 50.

D3200 da 'yan uwanta na jerin 3000 da 5000 ba su da harshen nan. Lens ɗinka za su hau, hoto zai fita, amma ma'aunin haske zai mutu, sai ka koma M, wato inda kai ke saita komai da hannu, ka riƙa ƙiyasi kana duba allo. Kai da ka saba da fim za ka iya, amma ba abin da za a saya da kuɗin rance ba ne alhali akwai mafi kyau. Waɗanda ke auna haske da lens na AI su ne D7000 ta 2010, D7100 ta 2013, D7200 ta 2015, da manya irin D610 da D750. A cikin saitinsu akwai wurin da ake shigar da tsawon lens da iyakar buɗewarsa, misali 105 da 2.5, a adana har guda 9, daga nan sai ka yi aiki a A, inda kai ke zaɓen ƙofar haske kyamara ta zaɓi saurin shota, ko a M kamar yadda ka saba a FM2. Ka yi hattara da guda biyu da lambarsu ke ruɗa mutane. D90 da D7500 ba sa auna haske da irin lens ɗinka, duk da D7500 ta fi D7200 sabunta. D700 kuma kyamara ce mai ƙarfi da ke karɓarsu sarai, amma ba ta ɗaukar bidiyo sam, kuma na san yaronka zai so bidiyo.

Maganar 50 ya koma 75 tana da tushe, sai dai an faɗa maka ita a karkace. Faɗin fim ɗin da ka saba da shi milimita 36 ne, tsayinsa 24. Sensa, wato abin da ke karɓar hoto a madadin fim, ta D3200 ko D7100, wadda Nikon ke kira DX, kusan 23.5 ce da 15.6. Lens ɗin bai canza ba, hoton da yake jefawa a baya shi ne dai, sensar ce ƙarama, sai ta ɗauki tsakiya ta bar gefe, kamar ka wanke hoto ka bi gefensa huɗu da almakashi. Hasken ma bai ragu ba, f/1.8 tana nan f/1.8. Abin da ya ragu faɗin abin da ke shiga hoto ne, kuma lissafinsa a Nikon shi ne ka ninka da 1.5, a Canon da 1.6. Ke nan 50 zai nuna maka abin da 75 ke nunawa a fim, 105 ya zama kamar 158, 28 kuma ya zama kamar 42.

A nan ne asarar take, a wajen 28 ɗinka. A fim, in ka tsaya mita 4 daga jama'a, 28mm yana kwashe faɗin da ya ɗan wuce mita 5, wato dangin amarya sun jeru sun shiga. A DX, daga wuri ɗaya, abin da zai shiga bai kai mita uku da rabi ba, sai ka ja baya zuwa mita 6 kafin ka maido da faɗin da, kuma a tsakar gida ko zaure bango zai tare ka kafin ka kai. Haka ma a cikin shago: hoton mutum a tsaye daga hula zuwa takalmi da 50mm yana son kusan mita 3 a fim, amma a DX mita huɗu da rabi, ban da mita guda da za ka bari tsakaninsa da labule don inuwa. Don haka kafin ku je kasuwa ka ɗauki awo ka gwada tsawon shagon daga labule zuwa inda bayanka zai jingina. In bai kai mita biyar da rabi ba, 50 a DX zai tsaya ne a hoton rabin jiki da na fasfo, inda kuwa ya ƙware, domin 75 tsawo ne mai gyara fuska. Hoton tsaye sai ya koma kan 28, wanda mita biyu da rabi ta ishe shi. Shi kuma 105 zai bar shago ya koma waje: hawan sallah, walima, saukar karatu, inda kake son fuskar mutum daga nesa ba tare da ka kutsa cikin jama'a ba.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, wadda na fi karkata gare ta saboda kuɗin rance ne, D7100 ko D7200 ta hannu, ko D7000 in aljihu ya matse, tare da zum ɗaya mai fokas da kansa wanda ya fara daga 17 ko 18. Lamba 18 a DX daidai take da 27 a fim, wato 28 ɗinka ya dawo. Mai sauƙin kuɗi shi ne 18-55mm VR ko 18-105mm VR. Wanda ya fi dacewa da aikin biki shi ne 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron, saboda buɗewarsa ba ta raguwa. Su 18-55 in ka ja su zuwa ƙarshe suna komawa f/5.6, wato kashi ɗaya cikin huɗu na hasken f/2.8, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na hasken 50mm f/1.8 ɗinka. A wajen kamu da daddare wannan bambanci shi ke raba hoton da za a biya da wanda za a goge. VR ɗin da ake tallata wa mutane rawar hannunka yake ragewa, ba ya tsayar da mai rawa a fili, wannan sai saurin shota kamar 1/200 ko filas.

Hanya ta biyu ita ce D610 ko D750, masu sensa daidai girman fim, wato FX. A kansu kowane lens ɗinka zai koma yadda idonka ya san shi, madubin leƙawa ma ya fi girma, fokas da hannu ya fi sauƙi. In shagon ƙarami ne ƙwarai, wannan hanya tana da hujja. Tsadarta ba a bodi kaɗai take ba: zum mai fokas da kansa na FX, irin 24-85mm VR, ya fi na DX kuɗi, kuma in ka ɗaura lens na DX a kai kyamarar za ta yanke hoton ka rasa fiye da rabin ƙwayoyin sensar. In za ta sa ka ƙara cin bashi, bar ta zuwa shekara mai zuwa, lens ɗinka ba za su gudu ba.

Yanzu batun yaronka. Yana da gaskiya fiye da yadda kake ba shi, ina jin. A wajen biki ango ba ya tsayawa jiran mai hoto ya murza zobe, kuma madubin leƙawa na DSLR ba shi da da'irar nan mai rabe hoto biyu da ke tsakiyar FM2, wadda da ita kake kama fokas. Abin da ke akwai ɗan ɗigon kore ne a ƙasan madubin da ke kamawa in fokas ya zauna, sai kuma buɗe allo a ƙara girman ido a duba, duka biyu kuwa aikin natsuwa ne. Ga shi dijital ba ta yafiya: kuskuren da ba ya fitowa a hoton inci 5 da 7 zai fito ƙarara in mai biki ya ja hoton a wayarsa. Saboda haka bukatarsa ta lens mai fokas da kansa gaskiya ce. Hujjarsa ta Canon ma ba ta banza ba ce, domin wanda abokan aikinsa ke riƙe iri ɗaya yana samun aron batir da lens ranar da ya maƙale. Akwai ma zoben adafta da ke ɗaura lens na Nikon a kan Canon EOS, saboda tazarar bakin Nikon zuwa sensa milimita 46.5 ce, ta Canon 44, akwai wurin da zobe zai zauna. Amma ta wannan hanya sai ka buɗe lens ka kama fokas, ka rufe shi da hannu kafin kowane ɗauka, madubi ya yi duhu. Wahala ce da ba dalili ga mai lens uku na Nikon masu lafiya. Da a ce AE-1 ta Canon ce a akwatinka, da amsar ta sha bamban, domin lens ɗinta na FD ba sa hawa EOS tun da kamfanin ya canza baki a 1987, haka ma na Minolta MD ba su da DSLR da ke karɓarsu kai tsaye. Masu irin waɗannan su ne ke farawa daga farko, su zaɓi duk kamfanin da suke so.

Ka kira shi ku zauna, kai za ka fara, kada ka jira shi, kunya ba za ta bar shi ba. Ka nuna masa cewa da kuɗin da za a sayi Canon da lens ɗaya, a Nikon za ku tashi da lens huɗu. Sannan ka ba shi zaɓen zum ɗin gaba ɗaya, tunda shi zai riƙe shi a wajen biki, kai kuma shago da lens ɗinka masu fokas da hannu. Ka faɗa masa kuma masu bidiyo suna neman irin lens ɗinka da gangan, saboda zoben fokas ɗinsu yana tafiya a hankali da nauyi, ba ya tsalle. Ina zaton abin da ke damunsa ba sunan kamfani ba ne, tsoro yake kada abokansa su ce yana yawo da kayan tsoho, kuma kada shagon ya zama naka shi yana yaron aike. In ya ga akwai bangaren da maganarsa ce ƙarshe, gardamar za ta yi sanyi.

Abu ɗaya za ku kiyaye wajen zaɓen: ku nemi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa, ko HSM in Sigma ne, wato injin fokas yana cikin lens. Masu AF-D injin bodi ne ke juya su, suna aiki a jerin 7000 amma ba sa fokas a 3000 da 5000, kuma in wata rana kuka koma Nikon Z marar madubi ta adaftar FTZ, nan ma ba za su yi ba. Masu AF-P kuma sababbi ne, tsofaffin bodi irin D7000 ba sa jituwa da na DX ɗinsu. Lens mai harafin G ba shi da zoben ƙofar haske, lafiya lau a dijital, amma kada ka yi tsammanin zai yi maka aiki a FM2.

Zum ɗin Vivitar ka haska shi da tocilar waya daga baya ka leƙa ta gaba. Ƙura ƙanana ba komai. In ka ga fararen zare masu rassa, funfuna ce, in kuma hazo ne ya lulluɓe gilashi, hoto zai fito fari-fari ba armashi. Kuɗin buɗe shi a wanke zai iya fin darajarsa, shi ne kaɗai zan ce ka bai wa dillalin in yana so, kuma ka raba shi da sauran tun yau. Ukun ma ka yi musu wannan gwaji tunda sun daɗe a rufe. Sannan ka sa zobe a f/16, ka ja ɗan harshen da ke bayan lens ka saki: ganyen ƙofar ya kamata su rufe nan take. In suna jan jiki ko ka ga maiƙo a kansu, hotuna za su riƙa ƙonewa da haske, sai mai gyara ya wanke.

Filas ɗin kada ka ɗora shi a kan sabuwar kyamara kafin a auna shi. Tsofaffin Vivitar 283 wasu suna fitar da sama da volt 200 a ƙafarsu. FM2 ba ta damu ba, dijital kuwa iyakar da Nikon ta yarda da ita 250 ce, kuma ba wuri ne na kasada ba. Mai gyaran rediyo zai auna maka da mita tsakanin ƙusar tsakiya da ƙarfen gefe bayan ya cika caji. Mafi aminci ka kafa shi a kan sanda a shago da 'yar na'urar da ke kunna shi in ta ga walƙiyar wani filas, ya zama fitila ta biyu.

Ranar saye ku tafi da lens ɗinku uku da katin memori naku, ku gwada a gaban mai kaya kafin kuɗi su fita. Ka fara murza ɗan maɓallin da ke gefen madubin leƙawa har lambobin ciki su fito tas a idonka, domin idon mai shekaru ba na da ba ne, kuma da yawa suna zargin lens alhali wannan ne. Ku ɗaura kowane lens ku ga lambar f tana canzawa a allo in an murza zobe, wannan ne shaidar harshen AI na jikin kyamarar yana da lafiya. Ku ɗauki farin bango a f/16 don ganin dattin sensa, ku manna jarida a bango ku ɗauka da zum ɗin a buɗe don ganin ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alamar ya taɓa faɗuwa. Adadin bugun shota yana cikin bayanan kowane hoton Nikon, yaron zai iya duba shi a intanet da waya. An ƙera jerin 7000 don bugu 150,000, don haka wadda ta kusa nan sai farashi ya sauka sosai. D7000, D7100 da D7200 suna da gidan kati biyu, ku saita na biyu ya riƙa kwafin na farko, saboda bikin mutane ba a maimaita shi.

Wani abu da fim bai saba maka da shi ba: a da kowane ɗauka sabon fim ke zuwa, ƙura ta tafi da tsohon. Sensa kuwa guda ce, abin da ya sauka a kanta zai fito a kowane hoto. Da hunturu kada a canza lens a fili cikin iska. A kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi sauri, a sayi robar busa iska, ba a hurawa da baki. Da damina kuma jakar fata da akwatin ƙarfe su ne gidan funfuna, ka samo roba mai murfi da ke rufewa ruf, ka zuba ƙullin silika a ciki, kana busar da su lokaci-lokaci.

Ita kuma mai ɗakinka, wadda ta fi kowa shiru a wasiƙar nan, ta cancanci ta ji lissafin daga bakinka kafin a saya, ba bayan an dawo ba: nawa bodi, nawa lens, yaushe za ta fara ganin kuɗinta. Ka sa yaron ya zauna a wurin, ya san rance ne a wuyansa shi ma. Kada ku ƙarar da kuɗin a bodi da zum, ku ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don batir na biyu, kati biyu masu kyau da filas na zamani, kuma a riƙa cire nata daga kowane aiki kafin a raba riba. Lens na gaba ya jira sai an biya ta. In lokacin ya yi, ku buɗe hotunan wata uku a kwamfuta ku duba tsawon da aka fi ɗauka da shi. In yawanci tsakanin 30 da 40 suke kuma duhu na ba ku wahala, 35mm f/1.8G DX za ku saya, yana da araha kuma shi ne daidai 50 ɗinka na fim. In kuwa kullum zum ɗin yana ƙurewa yaron yana neman ƙari a wajen hawa ko filin taro, sai 55-200mm VR ko 70-300mm VR.